Inda Kaltume Ta Binne Irin Gero

A wani ƙauye gabas da Makoda an yi wata mai daddawa, Kaltume matar Dabo, wadda mutane ke cewa kanta rumbu ne. Ta san ranar sunan kowane yaro a unguwa, ta san uwar kowace akuya. Tun tana amarya ita ke ajiye irin shukar gidan.

Shekarar da fari ya yi tsanani, hatsi ya ƙare tun kafin bazara. Kaltume ta lura Dabo yana yawan kallon tukunyar iri. Ranar da ya tafi kasuwa ta liƙe bakin tukunyar da laka, ta binne ta.

A shekarar ce kuma jininta ya fara ɗaukewa. Zafi kan taso mata daga ƙirji ya hau fuska, kamar an hura mata murhu a ciki. Sai ta gudu gindin zogalen bayan ɗakinta, ta zauna, ta kwarara ragowar ruwan buta a wuya. Gwiwoyinta suka kumbura. Amma abin da ya fi ba ta tsoro kanta ne. Takan shiga ɗaki ta tsaya, ta rasa abin da ya kawo ta.

Da hadari ya fara haɗuwa a gabas, Dabo ya ce, "Kaltume, fito da irin nan."

"Na ɓoye shi, Malam."

"Na sani. A ina?"

"Da na tuna ai da ban tsaya kallonka ba."

Suka tona gindin rumbu, suka tona bayan murhu, kaji na biye da su suna murna. Babu mai irin bayarwa a ƙauyen. In ruwa ya sauka ba a samu tukunyar ba, gonar Dabo ciyawa za ta noma.

Kaltume ta tafi wurin Fadima, yayar mijinta. "Yaya, ko dai iska ce ta taɓa ni?"

Fadima ta yi dariya har ta riƙe ciki. "Wace iska za ta kula ki a wannan yunwar? Girma ne, ƙanwata. Ni da nawa ya ɗauke, barkono na zuba wa maigidana a koko, ya shanye bai ce uffan ba. Jiki ne ke zafi yana kumburi, kai ma ya karɓi rabonsa. Yana lafawa."

Kaltume ta dawo da ɗan sauƙi a ranta, amma ba tukunya. Washegari da rana zafin ya taso, ta zauna gindin zogale ta zuba ruwanta. Dabo ya zo wucewa, ya tsaya yana kallon ƙafafunta.

"Wa ya yi shuka a nan?"

Ta duba. Tsiron gero ne kore shar, tsakanin yatsunta, a ƙasar da ta manta da ruwan sama. Ƙwayoyin da suka zube ranar binnewa ne suka sha ruwan butarta. Suka tona da hannu. Lakar bakin tukunyar ba ta ko tsage ba.

Da ruwa ya sauka suka shuka, suka kuma ɗebar wa Fadima.

Kan Kaltume ya dawo a hankali, ko da yake gwiwa ba ta yafe ba. Ta tsufa tana daddawarta. Duk macen da ta zo mata a tsorace da zafi da mantuwa, takan zaunar da ita gindin zogalen, ta miƙa mata buta.