Tukwanen Armaya'u Mai Faci

Armaya'u mai faci, wanda rumfarsa ke bakin tashar Batsari, mutum ne da ba ya faɗa da kowa sai a kan ruwa. Ka shanye masa randa guda, zai ce Allah ya ƙara lafiya. Amma ka kuskura ka ɗiga ruwa da rani a tukwanen da ya jera a gindin katangar gidansa, ranar za ka san yana da murya.

Tukwane goma sha ɗaya ne, na ƙasa, kowacce an huda gindinta. Abin da ke ciki wani tsiron daji ne mai tushe kamar ƙaramin dankali, wanda wani malamin gona ya taɓa gaya masa cewa a littafi okid ake kiransa, irin mai fitowa a ƙasa. Da ruwan farko ya sauka sai wani dogon tsinke ya fito, ya buɗe fure ruwan hoda shida ko bakwai, a yi mako uku ana kallo. Ganye ya biyo baya. Da kaka ta yi komai ya bushe, tushen ya kwanta barci. Daga nan wata bakwai ba abin da za ka gani sai busasshiyar ƙasa, kuma in ka ba shi ruwa a cikin barcin nan ruɓewa yake yi. Wato fiye da rabin shekara bawan Allah ƙasa yake kiwo.

Duk wanda ya shigo gidan tambayarsa ɗaya ce.

"Ana ci?"

"A'a."

"Maganin mi yake yi?"

"Ba ya maganin komai."

"To akuya fa?"

"Ko tana ci ba zan ba ta ba."

Sai mai tambaya ya fita yana tausayin Turai, matar gidan.

A wani ƙauye bayan Zakka, cikin ƙasar Safana, aka haifi Armaya'u, kuma a gefen gonar mahaifinsa ya fara ganin furen tun yana ƙarami. Shekarar da zaman ƙauyen ya gagara, kowa ya ɗaura abin da mashin zai iya ɗauka. Wani hatsi, wani katifa. Shi kuwa ya juye tukunyar miyar Turai, ya ruga gona da fartanya, ya haƙo tushe ɗaya da ƙasarsa. Turmi aka bari a tsakar gida don tukunyar ta samu wuri, kuma har yau Turai ba ta gama yafe wannan ba. Sauran goman duk daga ita ya raba su. Ba inda zai ƙara samo wani, domin hanyar gonar nan ba ta biyuwa yanzu.

Ana haka, a tsakiyar bazarar bara, saura kamar wata guda ruwa ya sauka, ciwon ƙaba ya kwantar da shi, aka ce sai an yi masa aiki a Katsina. Mutum in zai shiga tiyata yakan bar wasiyya a kan gida da iyali. Armaya'u ya leƙo ta tagar mota ya ce, "Turai, kada a ba su ruwa." Har motar ta sha kwana yana nanatawa.

To amma mutanen Batsari ba sa ganin maƙwabci a kwance su naɗe hannu. Aka fara zuwa yi wa Turai sannu, kuma duk wanda ya shigo idonsa sai ya faɗa kan tukwanen nan a rana, ƙasa ta tsage, mai su yana can ana yanka shi. Waɗanda suka shekara shida suna masa dariya su ne zuciyarsu ta fara karyewa. Lokaci ne da ruwa sai an bi layin 'yan garuwa, amma aka riƙa zuwa da shi a buta, a kwano, a jarka. Turai ta ce, "Don Allah ku bari, shi ya ce kada a zuba." Mata suka dubi juna suka ce, "Allah sarki, tashin hankali ya ruɗa ta," suka ƙara kwano ɗaya. Wani ya kawo kashin tumaki. Wata ta tsoma irin kuɓewa, wai tunda dai ga wuri. Da Turai ta kwashe tukwanen ta tura ƙarƙashin gado, sai aka riƙa bin su har ɗaki ana cewa a fito da su a gani, kamar an zo barka, har ta gaji ta mayar da su gindin katanga.

A rana ta huɗu Baffa Sahabi ya zo, yayan mahaifin Armaya'u, wanda ya haura tamanin, tare suka baro ƙauye. Turai ba ta faɗin sunansa, ba ta ɗaga ido a gabansa. Ya tsaya a kan tsohuwar tukunyar miyar, ya ɗebi ƙasar ya murza ya sunsuna.

"Wagga ta gida ce?"

"Ita ce, Baffa." Kanta a ƙasa. "Sai dai ya ce..."

"Na san mi ya ce. Yaro ne."

Ya rungume ta ya fita da ita. Yaron da ake magana shekararsa hamsin da biyu.

Kwana goma sha biyu Armaya'u ya yi a asibiti. Da ya dawo, dafe da ciki, ko zama bai yi ba ya nufi katanga. Laka ce tsamo-tsamo, ga wari, ga kuɓewa ta yi ganye biyu-biyu tana sheƙi. Ya tura yatsa a ta farko, ya fito da abu kamar ruɓaɓɓiyar albasa. Haka ya bi goman. Ya yi kuka, kuma kukan yana ja masa ɗinki, sai ya yi ya huta ya ci gaba. Abin haushi, al'ada ba ta ɗaga masa ba: dole ya bi gida gida yana godiya. Ko'ina sai a ce, "Haba, ai ba komai, mun dai kula maka da su." Shi kuma ya ce Allah ya saka da alheri, haƙoransa a cije.

Saura ta wurin Baffa, uwarsu duka. In ta tsira, zai sake farawa. Tun daga gida yake shirya abin da zai faɗa, ya gyara wannan ya ƙara wancan, don a rayuwarsa bai taɓa mayar wa tsohon magana ba.

Ya iske shi a tsugune a gaban tukunyar da wani ɗan tsinke yana tona gefe. Tsiro uku ne a ciki, sirara, kore shar. Bayan doguwar gaisuwa da tambayar jiki, Armaya'u ya ce, "Baffa, abin da ke ciki fa?"

"Wani ruɓaɓɓen abu? Na fidda shi tun tuni, wuri yake ci. Kaji ma ba su kula shi ba."

Armaya'u ya matso kusa. Ya buɗe baki, amma tsohon bai ko dube shi ba.

"Ka san ƙasar ga? Ta gabas da tsamiya ce. Ni da ubanka muka share wurin, muna samari. Shekara shida hannuna bai taɓa ta ba, na ma fidda rai, na ce sai dai a lahira a ba ni labari. Ashe tana gidanka." Ya share hanci da bakin riga. "Maiwa na sa. Ka ga yadda ta karɓa?"

Armaya'u ya daɗe a tsaye. Furensa ya tafi, ba kuma zai dawo ba, ya san wannan sarai, kuma zafin bai ragu ba. Likita ya hana shi tsuguno, amma ya dafa bango ya sauka a hankali har ya kai gefen tsohon.

"Uku sun yi mata yawa, Baffa. Sai an rage ɗaya."

"Na sani. Idona ne ba ya gane mai ƙarfin. Gobe ka zo da sassafe, akwai aiki."

Washegari bai buɗe rumfar faci ba sai da hantsi.