Manja da Kunnen Maigidana

Shekara guda da aurenmu na fara lura maigidana ba ya amsa mini idan na yi magana ta hagunsa. Lokacin muna Agege, a ɗaki ɗaya cikin gidan kawuna mai fataucin goro. Shi ma'aikacin reluwe ne, yana zuba wa injin jirgi kwal tsakanin Ebute Metta da Ibadan, bai fi shekara ashirin da biyar ba. Da fari na ɗauka fushi yake yi da ni, har na kwana biyu ina neman laifina.

Wata la'asar aka kira salla a masallacin bakin layi. Ni na ji sarai, shi kuwa yana zaune yana gyaran takalminsa, ko motsi bai yi ba. Na san duk shekara likita yana gwada musu ido da kunne, wanda ba ya jin usur kuma ba a barinsa kan inji. Korar ma ba ta tsorata ni kamar tunanin tarago ya taho ta bayansa bai ji ba.

Na kai wa innata maganar. Ta tambayi abin da yake ci. Na ce mutumin Katsina ne, manja ƙarni yake yi masa, a hanya kuwa garin rogo ne da ƙuli-ƙuli kullum. Ta ce tun tasowarta take jin tsofaffi suna cewa jan abinci da ganye ke riƙe ido da kunne, in gwada.

Na yi masa miyar alayyafo da kabewa, na zuba manja. Ya kalli kwanon ya ture.

Na matsa kusa na ce, "Malam, na san kunnenka na hagu ba ya ji."

Ya ce wata huɗu ke nan kunnen yana yi masa ƙugi ko ya sauka daga inji, gwajin kuma saura wata biyu. Ya jawo kwanon ya ci yana yamutsa fuska.

Tun daga nan ban bar shi ya huta ba. Gwanda da safe, ganye da rana, mangwaro in an samu. Nakan tsaya bayansa in yi raɗa in ga ko zai waiwayo. Wata rana ya juyo in yi ta murna, kashegari shiru, in kasa haɗiye loma.

Ranar gwajin ban iya zama a ɗaki ba, na tafi tasha na tsaya. Da ya sauko daga jirgi ya ce likita ya kanga masa agogo a kowane kunne. Na dama ya ji daga nesa, na hagu sai da aka matso sosai. An bar shi a aiki, aka ce ya koma gwaji bayan wata shida. Malamin asibitin ya ba shi auduga ya riƙa toshe kunne a kan inji. Da maigidana ya yi masa zancen abincin, malamin ya ce ba zai yi masa alkawarin komai ba, amma kada ya daina.

Na hagun bai dawo ba har abada. Na daman ya riƙe shi ya yi shekara tara yana aikin, kowane gwaji sai na rame kafin ya zo. Ko audugar ce ko miyar, ban sani ba har yau. Abokan aikinsa dai sun yi ta yi masa tsiya wai matarsa ta mai da shi Bayarabe, shi kuma ya ce su kawo nasu kwanon a gani.