Zare a Hannun Rigar Malam Ɗayyabu

Kullum akwai zare maƙale a hannun rigar Malam Ɗayyabu Yari, yau shuɗi, gobe ruwan goro, ga shi kuwa ba tela ba ne. Mai gyaran kwamfuta ne a Ƙofar 'Yandaka. Da safe yakan jingine babur ɗinsa, ya bi shagunan teloli yana gaisuwa, sannan ya buɗe nasa. Kafin ya taɓa aikin kowa sai ya duba ko wani, ko daga wace ƙasa, ya kawo ƙorafi kan wata 'yar manhaja da yake kula da ita.

Abin ya faro ne a wani azumi. Hajiya Rakiya, mai shagon ɗinki a layinsu, tana da injin aikin wuyan riga wanda kwamfuta ke ba shi zane. Rana tsaka manhajar zanen ta ƙi buɗewa. Ga shaddojin mutane jibge, ga Sallah ta matso. Wanda duk ya tashi ranar Idi babu riga ba zai sake taka shagonta ba, kuma ta sani.

Malam Ɗayyabu ya daɗe yana saka wa mutane wani tsarin kwamfuta na kyauta, wanda masu sa kai daga ƙasashe da dama suke ginawa tare. Tsarin yana da rumbu, inda kowa ke ɗaukar manhajar da yake so. Ya leƙa, babu ta zanen ɗinki. Akwai dai wata da wasu suka rubuta, amma a warwatse take, sai gwani zai iya haɗa ta. Ya zauna ya haɗa.

A gwajin farko dagin da injin ya ɗinka ya fito kamar ƙwayar gyaɗa. Bala, babban telan shagon, ya ɗaga ƙyallen sama.

"Malam, wannan wuyan rigar ƙadangare ne?"

"Kawo wani ƙyallen."

"Hajiya, mu fara ba mutane haƙuri tun yau!"

"Rufe min baki, Bala," in ji ta.

Malam Ɗayyabu ya gyara ma'aunin zanen, injin ya kama ruri, kowa ya yi Idi da rigarsa. Hajiya Rakiya ta ce magana ta ƙare. Shi kuma ya ce da saura: "Telan Batagarawa fa, Hajiya? Wa zai haɗa mashi?"

Sai ya ɗauki aikin da ba wanda ya sa shi: ya shirya manhajar tsaf, ya ƙunshe ta yadda rumbun ke buƙata, ya aika. Masu dubawa suka dawo da ita, ya gyara, suka sake dawowa da ita. Suka tambaya ko tana aiki da kowane irin inji. Ba shi da ko ɗaya, sai ya riƙa bin shago-shago yana roƙon a ba shi aron inji ya gwada. A nan hannun rigarsa ya fara kwasar zare. Ranar da aka karɓe ta, lemo kawai ya saya ya kai wa Bala.

Kai ne, Malam, ka yi shekaru kana binta da gyara duk lokacin da tsarin ya sabunta. Kai ne in an ce ka ƙirƙiro manhaja sai ka girgiza kai ka ce, "Wasu suka rubuta, ni ɗaure kaya na yi." Mun gode, mai ɗaure kaya. Allah ya saka da alheri. Mu kuma da muka iya kwamfuta, rumbun nan yana da sauran gurbi, kowa ya duba abin da unguwarsu ta rasa.

Bana idon Malam ya fara gajiya, sai ya miƙa kulawar ga Sumayya, ɗalibarsa, wadda ta gama jami'a. Teloli suka haɗa masa walima a ƙofar shagon Hajiya Rakiya. Bala ya miƙe, ya zaro ƙyallen nan na ƙadangare daga aljihu, ashe ya adana shi, wurin ya ɓarke da dariya. Da aka lafa aka juya don Malam ya ce wani abu, kujerarsa babu kowa. Can bakin layi yake, yana tura babur ɗinsa a hankali bai tayar ba, da jan zare a hannun riga.