Madacin Ƙofar Gidanmu a Alƙahira

Mun tashi da asuba ranar Lahadin farko ta watan Maris, 1983, ƙarfe biyar da minti goma, daga ƙofar gidanmu a Zariya. Mu biyu ne a motar, ni da yayana wanda ya ce shi zai kai ni filin jirgin Kano. Na ukunmu katako ne, naɗe cikin tsohon bargo, kwance a kan cinyata.

Katakon madaci ne. Bishiyar tana ƙofar gidanmu tun kafin a haife mu, a gindinta marigayi mahaifinmu ya yi shekaru yana gyaran keke. Shekara bakwai ke nan da aka sare ta don a faɗaɗa hanya. Yaya ya sa aka yanka ta, aka fitar da ƙyaure huɗu. Rabona guntu ɗaya ne da ya yi wa kafinta gajarta, na ɗora shi a kan kabad ya yi ta bushewa.

Bara waccan na je kwas ɗin aikin rediyo a Alƙahira, wuyan jitata ya karye a can. Aka kai ni wurin wani dattijo mai ƙera kayan kiɗa, ya gyara ta ina kallo. Da ya ga na ƙi tashi bayan an gama, sai ya ce in ina so in koya, in dawo da itacen ƙasarmu. Hutun mako shida na tara don wannan.

Hanyar Kano babu cunkoso. Bayan Tashar Yari Yaya ya dubi bargon ya ce, "Mutane na zuwa Masar neman ilimi ko maganin ido. Kai makamashi za ka kai musu."

Na ce, "Jita za ta dawo, Yaya."

Ya ce, "In ta ƙi, ka dawo da guntayen. Inna na neman kujerar tsugunno."

Mun sauka Alƙahira bayan la'asar. Ma'aikacin kwastan ya kwance bargon, ya ƙwanƙwasa katakon, ya shinshina. Ya tambayi abin da ke ciki, na ce itace ne har ciki. Ya kira abokin aikinsa, shi ma ya ƙwanƙwasa. Daga ƙarshe suka yi masa alama da alli kamar akwati, suka sallame ni.

Ƙanena, ɗan kawuna, shi ya tare ni. Shekararsa ta biyar ke nan yana karatun fiƙihu, yana zaune da matarsa a hawa na huɗu a unguwar Hayyis Sabi'. Daga tagarsu ana ganin inda gidaje suka ƙare, yashi ya fara. Kowace safiya mai wake yakan tsaya da kekensa a ƙasan benen, a zuro kwando da igiya, kwano ya hau da dafaffen waken da suke kira ful da gurasa mai zafi. Kuɗin bas daga nan zuwa dandalin Ataba a tsakiyar birni bai kai na goro ɗaya a gida ba, amma sai ka iya hawa motar tana tafiya. A kwana na uku na iya. Sauka ce ta ɗauke ni mako guda.

Layin masu kayan kiɗa ya taso daga Ataba ya nufi wajen tsohuwar ganuwa. Shagon dattijon faɗinsa taku huɗu ne, tsawonsa tara. Na auna. A sama an rataye udu, garayar Larabawa mai ƙaton ciki, wasu an gama, wasu babu fuska. Jita uku ce kawai. Ya ce wani Bagirke ne ya koya masa ita a Iskandariya yana saurayi. Kowa a layin Usta yake kiransa, wato gwani, ni ma haka na kira shi. Kirista ne, da ɗan gicciye a wuyan hannunsa, amma ba a taɓa kiran salla bai ɗaga kai ya ce mini, "Tashi, kai ake kira" ba. Da ya ji aikina, ya sa mini suna Ustaz Radiyo.

Ƙanena ne tafinta a makon farko. Ranar farko a bakin ƙofa ya tsaya, ya juya wa kayan kiɗan baya, yana addu'ar kada wani ɗan ajinsu ya wuce. Ran Alhamis na ɗaga kai na gan shi riƙe da bakin katako yana cewa, "Yaya, zartonka ya karkace."

Da muka buɗe madacin sai muka tarar gara ta ci gefe ɗaya ta ciki. Usta ya daɗe yana juya shi, yana zana layi da fensir yana gogewa. Ya ce abin da za a samu shi ne falle biyu na baya da falle biyu na gefe, babu na biyar. Fuska kuwa farin itace ne mara nauyi da ake kawowa daga Turai, wuya kuma na wani katako da ke shagon. Mun yi kwana huɗu muna tsaga shi da zarton hannu, muna kankarewa har kowane fallen gefe ya dawo kaurin milimita biyu da ɗan ɗoriya. Garin katakon ya shiga bakin Usta, ya tofar, ya kurkure da shayi.

Ya ce, "Wannan itace ne ko magani?"

Na ce duka biyun, da ɓawonsa aka yi mana maganin ciki muna yara. Ya ce ya ga alama a fuskata.

Nan ya kamata in faɗi wani hali nawa. Shekara goma sha ɗaya ina karanta labarai. A wurinmu komai da lokacinsa a rubuce, kuma ina da agogo mai madanni da nake auna shiri da shi, sakan bayan sakan. Tun a jirgi na tsara mako shidan nan a littafi, kowace rana da aikinta. A gaban Laraba ta mako na uku na rubuta: lanƙwasa gefuna.

Ga yadda ake lanƙwasawa. Akwai bututun ƙarfe da aka kafa a bakin tebur, ana hura risho a cikinsa har ya yi zafi. A yayyafa wa fallen ruwa, a ɗora shi a kan bututun, ana jujjuya shi ana dannawa a hankali har ya bi siffar jita. Wurin da ya fi wuya shi ne ƙugu, inda lanƙwasar ta fi matsewa. Usta ya ba ni tarin fallayen wani itace mai arha da suke kira zan, in yi ta gwaji. Na yi goma sha biyu, ina danna agogo ina rubutawa. Na gano cewa a ƙugu, itacen yana bayar da kai tsakanin sakan arba'in da arba'in da biyar. Na nuna wa Usta shafin. Ya duba kamar wanda aka nuna wa hoton 'ya'yan baƙo, ya ce, "Bishwesh," ma'ana a hankali, ya koma kan aikinsa.

Ranar Larabar ya tafi wurin mai sayar da katako a Bulak, ya ce zai dawo da azahar. Bai ce in taɓa madacin ba, bai kuma ce kada in taɓa ba. Littafi ya ce yau. Na hura risho, na jiƙa fallen farko sosai kamar yadda nake wa na gwaji, na ɗora ƙugunsa a kan ƙarfe, na danna agogo. Hannuna ya ji itacen bai saki ba. Idona ya ga allura ta kai arba'in da biyar. Na bi idona, na danna.

Ƙarar ba ta fi ta karya ashana ba. Na ɗaga fallen na duba. Ta ciki, zaren itacen ya tashi, tsaga ta ci fiye da rabin faɗinsa. Ta waje wani siririn layi ne kamar gashi. Na kashe risho, na zauna a kan benci. Abin da ya zo mini a rai shi ne kujerar tsugunno.

Usta ya dawo, ya rataye kwat ɗinsa, ya ga fuskata kafin ya ga katakon. Ya ɗauke shi ya kai bakin ƙofa inda haske yake. Sannan ya leƙa ya kira mai shayi. Bayan mun sha rabin kofi ya miƙo hannu. Na ɗauka fallen yake so. Ya girgiza kai, ya nuna agogon. Ya jefa shi cikin aljihun tebur tare da tsofaffin ƙusoshi, ya rufe.

Ya ce, "Ya Ustaz Radiyo, itacen da ka auna zarensa a miƙe yake. Naka a murɗe yake, kuma ba ya son ruwa da yawa. Da ka tambaye ni."

Na ce, "Zai gyaru?"

Ya ce, "Ban sani ba. Ranar da aka ja tsirkiya za mu ji."

Kwana uku bai bar ni na taɓa madacin ba. Ya kawo guntayen itace iri-iri, kowanne da halinsa, ya sa ni lanƙwasa su fuskata na kallon bango. Na karya da yawa, yatsuna biyu suka yi bororo. A rana ta uku na fara jin abin da yake nufi. Akwai lokacin da itace ke daina gardama a tafin hannu, ya yi laushi kamar fatar da ta sha mai, kuma ƙamshinsa yakan canza gab da hakan. Wani ya kai nan da wuri, wani ya daɗe. Littafina ya tsaya a Laraba, ban sake buɗe shi ba.

Falle na biyu ni na lanƙwasa shi, da ɗan ruwa a tafin hannu kawai. Usta ya zauna a bayana yana gyaran wata udu, bai ɗaga kai ba, amma na lura hannunsa ba ya motsi. Ban san tsawon lokacin da ya ɗauka ba. Da na zaunar da shi a cikin ma'aunin katako mai siffar jita, ya zauna daidai, babu rata. Usta ya ce, "Tamam," wato ya yi, sau ɗaya.

Mai tsagar kuwa tare muka yi shi. Ya dafa gam ɗin da ake yi da fata, ya tura shi cikin tsagar da bakin wuƙa, muka ɗaure. Washegari ya ƙarasa lanƙwasar da kansa, ya manna ƙyallen lilin ta ciki, ya ƙara siraran sanduna uku a tsaye.

Sauran makonnin sun tafi a fuska da wuya da haɗa jiki. Da rana mukan ci koshari a tsallaken titi, shinkafa da taliya da wake da soyayyar albasa a kwano ɗaya, mu bi da ruwan rake. Wata Juma'a ƙanena ya kai ni ganin dalolin nan na Masar. Sun kai yadda ake faɗa, amma mai raƙumi ya bi mu har bakin bas yana kirana ɗan'uwansa.

Saura kwana uku in tafi muka sa tsirkiya. Shida ne, ana ja ɗaya bayan ɗaya, kuma kowace tana ƙara wa jikin jita nauyi. Ƙanena ya bar darasi ya zo. Usta ya sa ni murɗawa, shi kuwa ya ɗora babban yatsansa a kan layin tsagar, ya rufe ido. Da ta shida ta kai muryarta, ya bar yatsan a wurin har mai shayi ya zo ya tafi. Sannan ya karɓi jitar ya kaɗa wani abu gajere. Muryarta ba ta da ƙarfi sosai, amma tana da zurfi, kuma tana daɗewa kafin ta mutu.

Ƙanena ya ce, "Ni dai ban ji komai ba, Yaya. Amma ta ukun nan kamar ba ta zauna ba."

Gaskiyarsa ne. Muka gyara.

Fenti bai samu lokaci ba sai shafa biyu. Usta ya ƙulla mini garin fentin a takarda, ya nuna mini yadda zan ƙarasa a gida. A ƙofa ya riƙe kafaɗata ya ce kada in ajiye ta kusa da taga. Sai da jirgi ya tashi na tuna agogon yana cikin aljihun tebur. Na rubuta masa cewa ya riƙe.

Abin da na koyo ba shi da yawa. Na iya wasa ƙarfen kankara, na iya dafa gam. Na kuma gane cewa awon da na yi daidai ne, amma na wani itace ne. Tun da na dawo, in ina hira da baƙo a ɗakin shiri, nakan bar shi ya kai ƙarshen maganarsa kafin in dubi agogon bango.

Na isa Zariya ranar Asabar da hantsi. Inna ta shafa bayan jitar, ta kai hancinta bakin ramin, ta ce, "Shi ne." Yaya ya karɓa ya juya ta gaba da baya. Bai ɗauki minti ɗaya ba farcensa ya tsaya a kan layin.

Ya ce, "Nan fa? Balaraben ne?"

Na ce, "Ni ne."

Ya miƙo mini ita, ya shiga gida.

An yi ruwa sau huɗu tun daga lokacin, tsagar ba ta buɗe ba. Juma'ar da ta wuce wata akori-kura ta tsaya a ƙofar gidana a Kaduna, aka sauke ƙyauren ɗakin ajiyar Yaya, ɗaya daga cikin huɗun nan na madacin, da ƙusoshinsa a jiki. Babu wasiƙa.