Kaset Ɗin Manya a Rumfar Muntari

Duk wanda ya zauna a garin Jega shekara biyu zuwa uku bayan an yanko Jihar Kebbi daga Sakkwato, ya san Muntari Mai Kaset. Gajere ne, mai saurin tafiya, kullum da sukudireba a bayan kunne. Da gyaran rediyo ya fara, ya yi shekara tara a kai, har ranar da ya ga akwatin bidiyo a gidan wani ɗan kasuwa. Ya dawo gida ya ce wa matarsa Shafa'atu, "Rediyo ta rasu, sai addu'a."

Nuna fim ba shi ne gwanintarsa ba, kowa ma ya iya danna maɓalli. Shi gwanintarsa tada kaset ɗin da ya mutu. Kusoshi biyar ne a jikin kowane kaset. Zai kwance su ya jera a murfin kwano, ya jawo zaren a hankali, ya goge fumfuna da auduga da sifirit. Inda zare ya tsinke, sai ya datse bakin da reza ya manne da jan farce. Shafa'atu ta ce kwalba goma sha ɗaya ta jan farcenta ta ɓace a haka. Muntari ya ce tara ce, biyu ita ta zubar.

Rumfar da yake nuna fim a ciki ba tasa ba ce. Ɗakin ajiyar albasa ne na surukinsa, Baba Alu, babban manomi a Aliero. Tsohon ya ba shi aro, amma da sharaɗi, kuma ba da bakinsa ya faɗa ba, don suruki ba ya zama ya yi doguwar magana da mijin 'yarsa. Ƙanwarsa Goggo Rabi ya aiko. "Ya ce in faɗa maka, ran da yaj ji abin kunya guda a ɗakin ga, albasa za ta koma mazauninta." A shekara shida da auren, in ka cire gaisuwa, kalmomin da suka shiga tsakanin Muntari da Baba Alu ba su kai arba'in ba.

Wata ranar Talata sai ga Tamu, direban da ke kai albasa kudu, ya dire masa kwali. Ya ce a wani zango ya tsinto shi, ruwa ya taɓa shi. Kaset ashirin da uku ne a ciki. Ashirin da biyu sun riga mu gidan gaskiya. Na ƙarshen kuwa tsohon wasan barkwanci ne na Hausa, hoton duk ya koɗe, irin wanda a da ake kallo a ɓoye. Labarin wani dattijo ne da ya sayo maganin ƙarfin maza a kasuwa, ya shanya a kan danga, bunsurun gidan ya cinye. Babu wanda ya tuɓe ko hula a cikinsa, amma baki, wa'iyazubillahi.

Kwana huɗu Muntari ya yi a kansa. Ya haɗa wuri goma sha bakwai. Wuri ɗaya fumfuna ta cinye ƙurmus, dole ya yanke kamu shida ya yar. Da ya kalla shi kaɗai, sau biyu yana faɗowa daga benci. Daga nan ya tuna da sharaɗi, ya ce to, yara ba za su shiga ba, an kashe bakin magana. Ya ɗauki alli ya rubuta a allon ƙofa: ALHAMIS BAYAN LA'ASAR, NA MANYA NE KAƊAI.

Ranar Laraba Goggo Rabi ta shigo Jega sayen daddawa, ta sa wani mai shago ya karanta mata allon. Ba ta tsaya ko gaisawa da Shafa'atu ba, ta hau mota sai Aliero.

"Yaya, ka ji surukinka? Ya shirya kallo na manyan ƙasa, ko a aiko maka!"

"Manya? A ɗakina?" in ji Baba Alu. "To su wa ad da girman da ni ban da shi?"

Alhamis, Muntari ya toshe tagogi biyu da buhuna, ya tada janareta, ya jera benci takwas. Direbobi da mahauta sun fara shigowa suna ƙyafta wa juna ido, sai ga a-kori-kura ta tsaya a ƙofa. Dattawa bakwai suka sauko, riguna sun sha bugu, uku da rawani, ɗaya ma daga ƙauyen Karaye aka biya aka ɗauko shi. Baba Alu ne a gaba da sandarsa. Kafin ka ce me, direbobi da mahauta sun tuna suna da uzuri. Mutum goma sha tara suka fita ta ƙofar da mutum ɗaya ke wucewa da ƙyar.

Muntari ya zube ƙasa. "Sannu da zuwa, Baba."

"Yawwa. Munka ji an yi na manya, munka taho."

Yanzu ta ina zai fara? Ya ce wa surukinsa, Baba, ba irin wannan girman ba? To wane iri? Bakinsa ba zai iya ɗaukar bayanin ba ko da za a ba shi Jega da kasuwarta. Ya yi tunanin sa wani kaset, amma an ce na manya, in ya sa na 'yan dambe tsohon zai ce an raina shi. Ya dubi janareta yana roƙon Allah ya mutu. Janaretan da ke mutuwa sau uku a wuni, yau sai gurnani yake kamar sabo.

Ya danna.

Muntari ya san wuraren haɗari guda biyar ne. Da na farko ya matso, inda mai magani ke kirarin hajarsa, sai ya murɗe murya ƙasa yana tari.

"Kai, ƙara muna magana," in ji dattijon Karaye. "Kurame munka zo kallo?"

Ya ƙara. Mai magani ya faɗi abin da ya faɗa, tas, har da nuni da sanda. Muntari ya kafa ido a ƙasa, yana ganin buhunan albasa suna shigowa ɗaya bayan ɗaya, yana lissafa inda za a jera su.

Da aka zo wuri na biyu, inda matar dattijon ke tambayarsa ina aikin maganin, ga shi bunsuru ya hana unguwa sakat, sai ya ji benci yana rawa. Ya saci kallo. Baba Alu ya cusa bakin rawani a baki, kafaɗunsa na tsalle, hawaye na bin gemu. Muntari ya ce shi ke nan, na sa tsoho kuka don takaici.

Sai hoton ya yi tsalle, daidai inda ya yanke kamu shidan nan. Baba Alu ya buga sanda a ƙasa.

"Tsaya! An yanke! Ina wurin da bunsuru yab bi mai maganin har cikin rijiya?"

Dattawa shida suka juyo suka dube shi. Muntari ma, karon farko a shekara shida, ya dubi surukinsa ido cikin ido.

"Alu," in ji na Karaye, "ina kas san da rijiya?"

Tsohon ya gyara rawani. "Sa'ad da nike bin mota kudu, a zango... an dai ba ni labari."

"Labari sau nawa?"

"Huɗu."

Nan fa dariya ta ɓalle wa shida. Baba Alu kaɗai ya kasa sakin tasa, don ga mijin 'yarsa tsugune a gabansa, kuma dattijo ba ya washe baki gaban suruki a kan irin wannan. Ya yi ta haɗiya har jijiyar wuya ta tashi. Can ya nuna Muntari da sanda, yana kallon bango.

"Mi ka rubuta a ƙofa?"

"Na manya ne kaɗai, Baba."

"Shekarunka nawa?"

"Talatin da huɗu."

"To mi kake yi a nan? Mai da shi farko, ka fita."

Muntari ya mayar, ya danna, ya fita ya zauna a kan dutse kusa da janareta. Daga nan ya ƙirga dariyar surukinsa, wadda bai taɓa ji ba tun da yake: sau talatin da ɗaya, banda tari.

Washegari Goggo Rabi ta kawo saƙo. Ɗaki yana nan a hannunsa, albasa ta nemi wani wuri. Amma Alhamis ta manya ce, kuma kaset ɗin a aljihun Baba Alu zai riƙa kwana, kada yara su lalace. Sannan a nemo rijiyar nan duk inda take.

Shekara uku Muntari yana bin direbobin kudu da cigiya, bai samo rijiya ba. Duk Alhamis in an zo wurin, sai a tsayar da kaset, Baba Alu ya miƙe ya cike gurbin da bakinsa, shi ne bunsuru, shi ne mai magani. Waɗanda suka gani sun ce ya fi na cikin akwatin. Muntari dai bai taɓa gani ba. Yana waje, kan dutse.