Ƙanƙara a Kayan Mai Jego

Autarmu ta haihu a ƙasar da mijinta yake karatu, can bayan teku. Haihuwar fari ce, ba uwa ba ƙanwar uwa a kusa. Inna ta so zuwa, takardar shiga ƙasar ba ta fito ba. Kwana tara da haihuwa mijin ya kira ni. Ya ce ba ta cin abinci, ko ta ci ba ya zama, ruwan nono ya ƙi zuwa sosai, jaririyar kuma ta ƙi madarar gwangwani, har ta fara ramewa. Na ce ya ba auta wayar. Abu ɗaya ta iya faɗa kafin kuka ya ci ƙarfinta: "Yaya, furar Inna nake so."

Na ce an gama, alhali wallahi ban san ta inda zan fara ba. Ni malamin firamare ne a Jega, abu mafi nisa da na taɓa aikawa shi ne buhun albasa zuwa Legas. Da ƙyar na samu lambar wani mutum a Abuja da ke aika kayan abinci ta jirgin sama. Ya ce nono ba ya ƙetarewa, nama ma haka, amma dawo, wato curin furar da ba a dama ba, zai tafi in an bi ƙa'ida. A ɗaure shi a leda a matse iskar, a daskarar da shi kwana biyu, a jera a cikin kula, a kewaye shi da jakunkunan ƙanƙara, a liƙe bakin. Kayansu sau ɗaya suke tashi a mako, ranar Alhamis. In ban iso Laraba ba, sai wani makon.

Kawuna ya aiko da sabon gero daga Alelu. Maƙwabta suka zo da taɓarensu za su taya daka, Inna ta sallame su da godiya. Ita kaɗai ta surfa, ta daka da citta da kanumfari da masoro, ta cura, ta dafa, ta sake kirɓawa. Tsohuwar da kullum take kukan kafaɗa, ranar ko uhum ban ji ba.

Wutarmu ba abin dogaro ba ce, don haka na kai dawon Aliero wurin wani abokina mai sayar da ƙanƙara, wanda firizarsa ke aiki da hasken rana. Bayan kwana biyu na ɗauko shi ya yi tauri kamar dutsen niƙa. A tsakar gida na shirya kular da safe, Inna tana tsaye a kaina. Ta miƙa hannu ta taɓa curi ɗaya, ta janye da sauri. Ni kuwa ina ta jin kaina, gani nake na zama gwani. Na liƙe kular, na ajiye a ɗakinta, na tafi tasha neman mota. Motar ba ta cika da wuri ba, sai da rana ta ɗaga na dawo na ɗauka a gurguje.

A Maiyama direba ya tsaya gyara lodi, ya miƙo mini kular in riƙe. Na ji ta sakayau. Na duba, sai ga bakinta ɗaure da ƙyallen atamfa, ɗaurin da na sani tun ina yaro. Na buɗe a bakin titi. Ba ƙanƙara ko ɗaya. Dawon yana nannaɗe a cikin zanen Inna, ya yi laushi, har da ɗumi. Ashe turara shi ta yi. Da zafin hanyar Kwantagora, kafin Abuja ya yi tsami, ba mai karɓarsa.

Na sauke jakata na hau motar komawa. Ban taɓa ɗaga wa Inna murya ba sai ranar, kuma har gobe ina jin kunyar abin.

"Haba Inna! Kin san abin da kika yi? Mako guda kika jawo wa auta! Yarinyar nan ramewa take yi!"

Tana zaune a kan tabarma, ga jakunkunan ƙanƙarar can a cikin baho suna narkewa. Ta bari na gama tas, sannan ta ce, "Mai jego ta fa. Ƙanƙara za ka kai ma ɗiyata? Wadda ko ruwan randa ba a bari ta sha?"

Na ce wannan ai maganar mutanen da ce.

Ta shiga murza bakin zanenta. Daga nan ta ba ni labarin da ban taɓa ji ba. Tana ƙarama a Mungadi, yayarta ta zo wankan gida. Wata rana da zafi manya sun fita, yayar ta roƙe ta ruwan sanyi, ta gaji da tafasasshe. Inna ta ɗebo mata daga randa. Bayan kwana uku zazzaɓi ya rufe ta, ba ta ga arba'in ba. Mutane suka ce sanyi ne ya shige ta.

"Ni nid ɗebo mata ruwan," in ji Inna. "Ban ƙara ba da hannuna."

Na yi karatu, na san ba ruwan randa ne ya kashe ta ba. Amma sai na durƙusa na ba ta haƙuri, ina hawaye, ni da gemuna. Da muka natsu na yi mata bayani a hankali, cewa ƙanƙarar ta hanya ce kawai, don kada ya lalace, in ya isa sai an turara shi ya yi zafi kafin a dama.

"Wa zai turara? Ita da ke kwance?"

Na ce mijinta.

Ta ce in kira shi. Na ɗauka ni zan isar da saƙon, domin tun da aka yi auren Inna ba ta taɓa yi masa magana kai tsaye ba, kunyar suruki. Sai ta karɓe wayar daga hannuna. Ta koya masa yadda zai ɗora a kan tukunya har tururi ya ratsa, ya dama da ruwan ɗumi, madarar ma ya ɗumama. Ta sa shi ya maimaita sau biyu. Bawan Allah, "To Inna, in sha Allahu Inna" kawai yake ta yi.

Wannan mako ya yi mana tsawo. Kullum na tambayi jaririyar sai a ce da sauƙi, irin da sauƙin da ba ya kwantar da hankali. Dawon farko maƙwabta suka sha. Inna ta sake dakawa, na sake zuwa Aliero. Da na zo shiryawa ta ce in matsa. Ta naɗe hannunta da tsumma, ta jera jakunkunan ƙanƙarar da kanta, tana bismillah a kan kowace ɗaya. A Abuja aka auna kular, aka rubuta abin da ke ciki, aka liƙa mata takarda, aka shige da ita ɗakin sanyi. Ranar Asabar mijin ya karɓa, ya ce ko laushi bai yi ba.

Kwana huɗu bayan nan auta ta kira da hantsi, Inna tana tsince shinkafa a faifai. Muryarta ta dawo, har da tsiwarta, wai yajin ya yi yawa. Inna ta ce ba ta da kunya. Sai auta ta ce, "Inna, saurara." Muka ji ta matsar da wayar, sai wani ɗan sauti, ƙut, ƙut, ƙut, da ɗan nishi a tsakani. Jaririyar ce take haɗiya.

Na buɗe baki zan yi hamdala, Inna ta ɗaga mini hannu.

"Yi shiru," ta ce. "Tana sha."