Tabon Inna Tasalla

Kafin rana ta leƙo kan duwatsun Roni, Inna Tasalla ta share tsakar ɗakin shan magani, ta ɗora ruwan dafa allurai, ta zauna bakin ƙofa tana murza hannunta na hagu mai kumburi. Shekara talatin ke nan tana haka, a takarda kuma sunanta mai shara. Watan nan za ta ajiye tsintsiya, ni kuwa na ce ba za ta ajiye ta shiru ba.

Shekara shida bayan samun 'yancin kai aka cire mata nono a Kano saboda ciwon daji. Aikin wancan zamani ba wasa: likita kan ɗebe nono da naman ƙirji har hammata, ya bar fata kan haƙarƙari. Tun daga nan hannunta na hagu ke kumbura. A gida kuwa an yi imani daji ba ya son ƙarfe, wadda wuƙa ta taɓa sai a fara yi wa danginta jaje. Sai ga Tasalla ta sauko daga mota da ƙafarta. Masu jajen suka rasa inda za su sa fuska.

Dela, mutuniyar Gwiwa, da bakinta ta ba ni nata labarin. A shekarun da kuɗin man fetur suka kawo kwalta, ta zo ɗakin shan maganin da ƙullutu a nono, ga jaririyarta Shatu a baya. Malamin asibiti ya rubuta mata takardar zuwa Kano, ta ƙudundune ta, ta kama hanyar gida. Tasalla ta tare ta.

"Inna, ba mutuwa nake tsoro ba," in ji Dela. "In an cire, a ina zanin goyo zai tsaya?"

Tasalla ba ta yi mata wa'azi ba. Ta ja ta bayan ɗaki, ta kwance zaninta.

"Duba da kyau, 'yar nan. Shekara goma ke nan, ga ni ina cin tuwona."

Ta karɓi Shatu ta goya, ta ɗauro majanyi ta kan kafaɗa, ta ƙulle tam.

"Ga inda yake tsayawa."

Kashegari tare suka hau mota.

Ke ce wannan, Inna, mai kwance zani don wata ta rayu. Daga Babura zuwa Kazaure, mata nawa kika raka? Ba duka suka dawo ba, kuma kin yi kukansu. Amma makon jiya na ga Dela a kasuwa, goye da ɗiyar Shatu, majanyi ta kan kafaɗa, har ƙwalla ta zo mini.

Mun gode, Inna Tasalla. Allah ya saka da alheri, ya sassauta miki hannun nan. Yau likitoci sun rage yanka, amma tsoron yana nan. Wadda ta ji ƙullutu kada ta ɓoye, wadda ta warke kuma kada ta ɓoye wa 'yar'uwarta tabonta.